Ranar Da Akuya Ta Kasa Hawa Tudu

Akwai wani direba da abokan aikinsa suka laƙaba wa suna Guguwa, saboda komai nasa da gudu yake yi. Da gudu yake tuƙi, da gudu yake cin abinci, da gudu yake yanke magana tun mai maganar bai kai ƙarshe ba.

Yana aiki ne a wata babbar gonar masara da ke can cikin kwari, nesa da titi. A nan mai gonar ya ba shi ɗaki biyu, yana zaune da matarsa da mahaifiyarsa.

Matar tasa mai kunya ce, ba ta da yawan magana, amma kaɗan ne ke wuce idonta. Auren ya kwana biyu, sai dai har lokacin Amarya ake ce mata. Mahaifiyar kuwa Inna suke kiranta. Tsohuwa ce mai barkwanci, tana fama da ciwon asma, kullum abin shaƙarta na ƙulle a gefen zaninta.

Hanyar fita daga gonar ɗaya ce tak. Sai ka gangara ka ratsa wani rafi mai faɗi, wanda da rani yashi ne zalla, sannan ka hau wani dogon tudu mai duwatsu kafin ka iske titi. Motar gida ba ta bin wannan hanya, babur ma sai da rani.

Abin da ke bin ta kullum wata 'yar motar daji ce ta mai gona, mai ƙosassun tayoyi, ba ƙofa ba gilashi, kujera biyu a gaba da ɗan bodi a baya na ɗaukar kaya. Ma'aikata suna ce mata Akuya, don babu inda ba ta hawa. Makullinta a aljihun Guguwa yake kwana.

Amarya ce ta fara jin cewa wani abu ya canza.

Da safe idan mijinta ya ɗauki buhuna zai kai bakin titi, tana tsakar gida tana wanke-wanke take bin kukan motar da kunne, tun daga rafi har ta ƙure tudun da numfashi ɗaya. Amma da aka fara casar masara, sai kukan ya daina tafiya santal. Da an kai tsakiyar tudu sai ya dusashe, ya yi kamar zai ɗauke, sannan ya ja da ƙyar. Idan ta ɗaga kai, baƙin hayaƙi take hangowa yana bin bayan motar.

Wata safiya Inna na zaune a bakin ƙofa, ta karkata kunne.

"'Yar nan, kina jin abin da nake ji? Akuyar mijinki ta ɗauki ciwona. Ko za ki kai mata abin shaƙata ta ɗan ja?"

Amarya ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. Amma dariyar ba ta kai mata ciki ba.

Da yamma ta ajiye wa mijinta abinci, ta zauna gefe tana murza yatsu.

"Maigida, kamar motar nan tana wahala a kan tudu."

Ko kai bai ɗago ba. "Yaushe aka yaye ki a gareji, ban sani ba?"

Ta tashi ta koma kicin.

Guguwa yana da wa guda ɗaya, bakanike ne a cikin gari, kowa Yaya yake ce masa. Shi ne ya koya wa Guguwa tuƙi, kuma shi ne mutumin da Guguwa ya fi ƙin jin gyara daga bakinsa. Tun ranar da Yaya ya taɓa ce masa a gaban mutane yana tuƙi kamar mai dambe da mota, gaisuwarsu ta koma ta fatar baki.

Ana cikin casar nan Yaya ya zo a kan babur duba Inna. Yana zaune a tabarma suna hira, sai ga Akuya ta shigo tana tari. Ma'aikata suka taso sauke buhunan da ba komai a ciki.

Yaya ya miƙe, ya zagaya motar, ya sa yatsa a bakin salansa ya duba. Yatsan ya fito baƙi ƙirin.

"Auta, motar nan a shaƙe take."

Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya ƙyalƙyale da dariya. "Ashe ogan namu Auta ne a gida." Sauran suka taya shi. Amarya, daga ƙofar kicin, ta ga jijiyar wuyan mijinta ta tashi.

Yaya bai lura ba, ya ci gaba a hankali yadda ya saba.

"Inji abu uku yake nema: iska, da fetur, da wuta. Idan ƙarfinsa ya ragu, ba a fara zargin babban abu, ɗaya bayan ɗaya ake bi. Baƙin hayaƙin nan yana nuna fetur na shiga, iska ce ba ta isa. Da wannan ƙurar casa da kuke ciki, ba mamaki filtar iska ce ta toshe. Ɗaga min bodin in gani."

"Gaishe da Inna ya kawo ka, ko neman aiki?"

Ma'aikatan suka daina dariya.

"Auta," in ji Inna, "yayanka ne fa."

"Na sani, Inna. Amma motar a hannuna aka ba da ita, ba a hannunsa ba. Ni nake kwana da ita nake tashi da ita. Mutum ya sauka daga babur yanzu-yanzu zai gaya min ciwonta?"

Yaya ya dube shi na ɗan lokaci, sannan ya mayar da sifanar da ya zaro cikin aljihu. Ya yi wa Inna sallama. Da Amarya ta biyo shi da hular kwanonsa da ya manta, ya rage murya.

"Ƙanwata, idan kin ji ta ƙara taɓarɓarewa, ki sa a sanar da ni. Ba don buhuna ba. Ita ce ƙafar Inna zuwa asibiti."

Ta russuna, idonta a ƙasa. "To, Yaya."

Washegari, tun ma'aikata ba su fito ba, tana shara ta ga mijinta ya ɗaga bodin Akuya. Ashe duk maganar jiya ya ji ta, yarda ce bai yi a gaban mutane ba.

Ya ɓalle murfin wani baƙin akwati a gefen injin, ya zaro wani abu mai kama da dogon gwangwani, jikinsa takarda ce a ninke-ninke. Ƙura da ƙaiƙayi sun cike kowane ninki, har ba a gane launinsa.

Ya buga shi a kan dutse. Ƙura ta tashi. Ya sake bugawa da ƙarfi, sai takardar ta yage.

Ya ja tsaki, ya tsaya yana kallonsa. Sannan ya mayar da murfin akwatin haka nan, ba komai a ciki, ya murɗa makulli.

Akuya ta yi wani ruri da Amarya ba ta taɓa ji ba. Kajin da ke kiwo a gindinta suka watse. Guguwa ya haye, ya taka totur, ya ratsa rafi, ya haye tudun kamar an harba shi. Da ya dawo bakinsa har kunne.

"Kin gani? Wannan ne aikin da aka so a zo a yi min wa'azi a kai a gaban yarana."

Ya ɗauki yagaggiyar filtar ya wurga bayan ɗaki.

"Maigida, ba za a mayar da wani abu a gurbinta ba?"

"Abin da ya shaƙe ta zan mayar? Ke idan aka toshe miki hanci da tsumma kika cire, mayarwa kike yi?" Ya goge hannu a wando, sannan ya nuna ta da yatsa. "Kuma kada in ji maganar nan ta fita. Balle wurin Yaya. Kin ji ni?"

"Na ji."

Bayan ya tafi, ta zagaya bayan ɗaki ta ɗauko abin. Ta karkaɗa shi a tafin hannunta. Wata ƙura ta zubo, ta fi gari laushi a ido, amma da ta murza ta tsakanin yatsu sai ta ji tana ƙaras-ƙaras, kamar an niƙa kwalba.

Amarya ba ta yi nisa a makaranta ba, kuma ba ta san komai game da inji ba. Amma ta san tankaɗe. Ta san idan rariya ta toshe, aiki yana tsayawa. Ta kuma san idan ka ajiye rariyar ka zuba garin haka nan, aiki zai yi sauri, sai dai tsakuwar ba ta ɓace ba. Cikin tukunya ta tafi.

Ta dubi ƙurar da ke hannunta. Duk wannan a bakin ƙofa aka tare shi. Daga yau ina zai riƙa zuwa?

Ta mayar da filtar cikin ciyawa, ta wanke hannu, ta haɗiye maganar.

Casa ta ci gaba. Injin casa yana aman ƙura tun safe har yamma, har ma'aikata sai sun ɗaure hanci da ƙyalle. Guguwa kuwa a gindin injin yake tsayar da Akuya a loda mata buhuna, kuma ba ya kashe ta, wai kashewa da tayarwa ɓata lokaci ne.

Idan Amarya ta kai musu ruwa, takan ga ƙaiƙayi yana yawo a iska, sai ya zo daidai gefen motar ya karkata, ya shige ciki kamar ana kiransa.

Da farko ba abin da ya faru. Akuya na hawa tudu kamar sabuwa, ma'aikata na yi wa ogansu kirari. Har Amarya ta fara ce wa kanta wataƙila ita ce mai yawan tsoro.

Sai kuma abubuwa suka fara zuwa a hankali.

Hayaƙi ya dawo, amma ba baƙi ba. Wannan shuɗi-shuɗi ne, mai ƙauri, yana kama tufa. Idan ta zo wanke rigunan mijinta, ƙaurin ƙonannen mai take ji ko bayan ta ɗauraye.

Motar ta fara shan baƙin mai. Da, sai a daɗe ba a ƙara ba. Yanzu galan ɗin man ya koma zama a ƙarƙashin kujera.

Da safe kuma sai ya yi ta murɗa makulli kafin ta kama. Inna takan leƙo ta ce, "Lallaɓa ta, Auta. Mu tsofaffi ba ma son a tashe mu da faɗa."

Guguwa ya canza fulogi. Ya ce fetur ne aka gauraya masa, ya juye tanki ya sayo wani. Ya zuba baƙin mai mai kauri. Kowane gyara sai motar ta ɗan farfaɗo, sannan ta koma ƙasa da inda take.

Wata rana da azahar Amarya ta zagaya shanya, sai ta tarar da shi a bayan ɗaki yana tona ciyawa da ƙafa. Ya gano filtar. Gara ta riga ta ci rabinta. Ya tsaya a kanta, hannunsa a ƙugu.

A nan ta gane shi ma ya sani.

Irin wannan filtar kuwa, duk garin a garejin Yaya kaɗai ake samunta. Tafiya ɗaya ce da magana ɗaya. Ta buɗe baki za ta ce ko ita ta je a madadinsa, sai ya juyo suka haɗa ido. Ya sa ƙafa ya yi ƙwallo da abin cikin jeji.

"Me kike kallo?"

"Ba komai."

Ana gab da faɗuwar damina Yaya ya kira wayar Inna. Bayan sun gaisa ya ce a ba shi Amarya. Guguwa na zaune a wurin yana cin abinci. Ya dakata da lomar a hannu, ya zuba mata ido.

"Ƙanwata, ya gida? Ya Akuya?"

"Lafiya lau, Yaya."

"Ta daina wannan shaƙewar?"

Ta dubi mijinta, ta dubi Inna da ke kishingiɗe a kan tabarma.

"Ta daina."

"To madalla. Ashe ya gyara. Ki gaishe shi."

Ta ajiye wayar. Guguwa ya kai lomar baki.

Damina ta faɗi. Ruwan farko ya jiƙa tudun, duwatsu suka yi santsi, babur ya daina saukowa. Sanyin ruwan kuma ya taso wa Inna da ciwonta. Abin shaƙar da take yi wa ja ɗaya ta samu sauƙi, yanzu sai ta yi ta ja.

Ranar da abin zai faru, tun hantsi garin ya yi wani irin nauyi. Ba iska, ba kukan tsuntsu. Can gabas, ta inda rafin ya taso, hadari ya haɗu ya yi baƙi kamar gindin tukunya.

Bayan azahar Amarya ta shiga ɗakin Inna da ruwan ɗumi, sai ta same ta a zaune ta dafa gwiwoyi, kafaɗunta na hawa da sauka. Ƙirjinta na wani siririn fito. Inna ta matsa abin shaƙar, ta sake matsawa, ba abin da ya canza.

"Inna, in kira shi?"

Inna ba ta iya amsawa ba. Kai kawai ta gyaɗa.

Ma'aikata duk sun tafi gidajensu tun da aka gama shuka. Daga su uku sai Akuya.

Guguwa ya ɗauko uwarsa ya zaunar a bodin baya, Amarya ta hau ta jingina ta da ƙirjinta ta rungume. Ya murɗa makulli. Motar ta yi ta juyi ba ta kama ba. Ya sake. Can ta yi tari ta tashi, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe tsakar gidan.

Suka gangara, suka ratsa yashin rafin. Har lokacin a bushe yake, sai ɗan danshi. Suka fara hawa.

Amarya ta san kukan motar nan kamar yadda ta san muryar mijinta, kuma tun daga gindin tudu ta ji babu komai a cikinsa. Ƙara ce kawai, ba ƙarfi. Guguwa ya danne totur har ƙasa. Akuya ta ja, ta ja, ta rage, ta tsaya cak.

Hayaƙin kuwa, da babu iskar da za ta kwashe shi, sai ya taso ya lulluɓe bodin baya. Inna ta sarƙe. Amarya ta rufe mata hanci da mayafi, sai ta ga hakan ma hana ta numfashi yake, ta cire.

"Maigida, hayaƙin yana shigar mata."

"Riƙe ta. Gudu zan ɗauko daga ƙasa."

Ya saki birki, motar ta koma da baya har cikin rafi. Ya taka, ya taho da gudu. Wannan karon ko inda suka kai da farko ba su kai ba.

Ya sake komawa da baya, ya yi nisa har tsakiyar yashi don ya samu wurin ɗaukar gudu. Yana taka totur, Akuya ta yi wata 'yar shessheƙa, ta mutu.

Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar ban tsoro. Ba a jin komai sai fiton ƙirjin Inna, da wani gurnani can nesa ta gabas.

Ya murɗa makulli. Injin ya juya da sauri, sakayau, kamar ana juya gwangwanin da ba komai a ciki. Ya diro, ya sa hannu ta gefe ya kwance fulogi. Fulogin ya fito jiƙe sharkaf da baƙin mai. Ya goge a riga, ya mayar, ya murɗa. Sakayau.

Ɗigon ruwa ya fara sauka, manya-manya, jefi-jefi.

Amarya ta dubi yashin. Wani siririn ruwa ne ke tahowa ta gabas, yana rarrafe kamar maciji, yana turo kumfa da karmami a gabansa. Ta taɓa ganin haka daga bakin gaɓa. Ta san abin da ke biyo bayansa.

Ta zaro wayar Inna daga ƙullin zaninta.

"Wa za ki kira?" in ji Guguwa.

Ba ta amsa ba. Karo na farko ke nan tun aurensu da ya tambaye ta abu ta ƙi amsawa.

"Yaya, ni ce. Ciwon Inna ya tashi. Muna cikin rafi, motar ta mutu, ta kasa hawa."

"Kara wayar kusa da injin. Ce masa ya murɗa."

Ta miƙa hannu. Guguwa ya murɗa ba tare da ya dube ta ba. Da ta mayar da wayar kunne, sai Yaya ya rage murya.

"Ƙanwata, ki gaya min gaskiya. An taɓa filtar nan?"

Mijinta na tsaye a gabanta, ruwa na ɗiga daga gashinsa. Inna na kan ƙirjinta, tana jin bugun zuciyar tsohuwar a hannunta.

"An cire ta, Yaya. Tun lokacin casa. Ba a sa wata ba."

Ta ji ya ja numfashi.

"To ƙura ta cinye injin daga ciki. Babu abin da hannu zai gyara a wurin nan, ko ni ne. Ku bar ta. Ya goya Inna ku hau da ƙafa. Ga ni nan zuwa."

Ta faɗa wa mijinta. Ya dubi motar, ya dubi tudun.

"Bari in gwada sau ɗaya. Idan na bar ta a nan, me zan ce wa mai gona?"

"Maigida, dubi ƙafarka."

Ya duba. Ruwa ya rufe masa takalmi.

Ya juya baya ya durƙusa, Amarya ta ɗora masa Inna, ta kwance mayafinta ta ɗaure su tare. Kafin su kai gaɓa ruwan ya kai ƙwauri, yana fizgar ƙafa. Suna taka tudu sama ta ɓalle.

Tudun da Akuya ke haurawa kafin a ɗauraye kwano, ranar ya ƙi ƙarewa. Laka na zame musu, duwatsu na gudu a ƙarƙashin ƙafa. Guguwa ya faɗi a kan gwiwa ya tashi, ya sake faɗuwa ya tashi. Amarya na bayansa, ta dafa bayan Inna da hannu biyu tana turawa.

Can ta ji wani ruri a bayansu, ta waiga. Rafin ya kawo, jajir, cike da itace. Ya daki Akuya a gefe, ya ɗaga ta kamar kwanon wanki, ya kifar. Tayoyin suka leƙo sau ɗaya, ba ta sake ganinsu ba.

Ba ta gaya masa ba. Shi ma bai waiga ba.

Sun wuce rabi sai ta lura fiton ƙirjin Inna ya daina. Da farko har ta ji sanyi a ranta, ta ɗauka sauƙi ne ya zo. Sai ta leƙa fuskarta. Leɓunan sun canza launi, kan ya kwanta a kafaɗar ɗanta.

"Inna ta yi shiru," in ji Guguwa. "Amarya, me ya sa ta yi shiru?"

"Ci gaba da tafiya, Maigida. Kada ka tsaya."

Daga sama suka hango mutum na gangarowa da gudu, yana zamewa yana tashi. Yaya ne. Ya bar babur a bakin titi. Ya tallabi Inna ta baya, su biyun suka ƙarasa da ita.

A kan babur suka sa ta a tsakiya, Yaya na tuƙi, Guguwa ya rungume ta ta baya. Babu wurin mutum na huɗu.

"Ki biyo mu," in ji Yaya.

Ta bi titi a ƙafa cikin ruwa, ba mayafi, takalmi ɗaya ya tsinke ta riƙe shi a hannu. Sai can wata mota ta tsaya ta rage mata hanya.

Da ta isa asibitin ruwa ya tsagaita. Ta same su a baranda a kan benci ɗaya, wannan a wannan ƙarshe, wancan a wancan. Laka ta bushe a jikinsu. Mayafinta na hannun mijinta, ya dunƙule shi yana kallo.

Ba wanda ya gaya mata. Zaman nasu ya isa.

Ta sulale a ƙasa a jikin bango tana salati, hawaye na zuba ba sauti.

Wata nas ta fito ta tsaya a kansu. "Mun yi iya ƙoƙarinmu. Irin wannan ciwon, da an iso da ita da ɗan sauran numfashi..."

Yaya ya ɗaga mata hannu a hankali. Ta juya ta koma ciki.

Sannan Yaya ya juyo wajen Amarya. Babu faɗa a muryarsa, kuma hakan ya fi yi mata ciwo.

"Kwanan Inna ne ya ƙare, wannan ba mai ja da shi. Amma ina son in san abu ɗaya, ƙanwata. Ranar da na tambaye ki a waya, kin sani?"

"Na sani, Yaya."

Ya gyaɗa kai. "Sa wata filtar, aiki ne da ko hannuna ba zai yi baƙi ba."

Ta kifa kai a gwiwa.

"Kada ka tambaye ta." Muryar Guguwa ce, a dishe. "Ni na cire. Ni na hana ta faɗa. Na ga hayaƙin, na san abin da yake nufi, na san inda ake sayar da ita. Ƙofar garejinka ce ban iya shiga ba." Ya dubi wansa, idonsa jajir. "Ka faɗa min duk abin da za ka faɗa. A gaban kowa ma."

Yaya ya miƙe tsaye. Ya daɗe yana kallon ƙanensa.

"Ba ni da abin da zan faɗa maka wanda ya fi abin da ka goyo a bayanka yau. Tashi mu shiga wurinta. Mu biyu ta haifa."

Guguwa ya yunƙura zai tashi, ya kasa. Ya sake yunƙurawa, ya koma ya zauna.

Yaya ya sunkuya, ya sa hannu a hammatarsa ya ɗaga shi, suka shiga tare.

Darasi: Ba duk abin da ya rage maka gudu ne maƙiyinka ba, wani tare maka cuta yake yi. Idan abu ya fara nuna alamar gajiya, mota ce ko jiki ko zumunci, a tsaya a bi sanadinsa a hankali, a tambayi wanda ya sani ko da tambayar za ta sa a sunkuyar da kai. Girman kai ba ya tsayawa a kan mai shi, waɗanda ke bayansa yake fara cutarwa. Mu kuma masu kunya, 'yan'uwana, mu sani akwai shirun da ba ladabi ba ne. Idan kin ga haɗari, ki faɗa da ladabi, ki sake faɗa, tun maganar tana da amfani. Ku tura wannan labari ga wani naku, wataƙila akwai ƙofar da ya daɗe yana jin nauyin shiga.